Neman aikin bincike a fannin maganaɗisu da sifintironik: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da ɗaliban Fiziks suka kusa kare kundin digiri na biyu, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa, ko a Kano ne, ko a Sakkwato, ko a Yamai: in ba koyarwa ba, ina ake zuwa da wannan karatun? Akwai wata hanya da ba a cika ambatarta a azuzuwanmu ba, wato binciken maganaɗisu. Ana tallata gurabensa duk wata a Turai da Asiya, yawancinsu da albashi, kuma ƙofar a buɗe take ga ɗan kowace ƙasa. Abin da ke damuna shi ne ƙarancin namu a cikin masu nema. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a wuri guda.

Malam, mene ne ma sifintironik ɗin, kuma me ya haɗa shi da mayen ƙarfe?

Ilektiron yana da siffofi biyu da suka shafe mu. Yana da caji, wanda shi ne ke gudana a waya ya kunna ƙwan lantarki. Yana kuma da wani abu da ake kira sifin, wanda ya mai da kowane ilektiron ɗan ƙaramin mayen ƙarfe mai kai da gindi. Akan kwatanta shi da katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa, ko da yake kwatance ne kawai, don ba juyawa yake yi a zahiri ba. A cikin yawancin abubuwa waɗannan ƙananan maganaɗisai kowa ya kama gabansa, sai ƙarfinsu ya kashe juna. A baƙin ƙarfe da kobalt da nikel kuwa sahu suke yi su fuskanci alƙibla ɗaya, shi ya sa mayen ƙarfe ke kama ƙusa.

Kayan lantarkin da muka saba da su caji kaɗai suke amfani da shi. Sifintironik shi ne a sa sifin ɗin ma ya yi aiki, a rubuta bayani da shi, a karanta da shi. An fi ɗora farkon fannin a kan 1988, lokacin da Albert Fert a Orsay kusa da Paris, da Peter Grünberg a Jülich ta Jamus, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka jera siraran shimfiɗu na ƙarfe da kuromiyam masu kaurin kimanin nanomita ɗaya zuwa kaɗan. Nanomita kuwa, ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Suka ga idan an kusanto da maganaɗisu, turjiyar da shimfiɗun ke yi wa wuta tana faɗuwa ƙwarai. A gwajin Fert kusan rabi ta zube. A 1997 kamfanin IBM ya sa wannan dabara a kan allurar da ke karanta faifan ajiyar kwamfuta, a 2007 kuma aka ba su biyun kyautar Nobel.

To ai an riga an gano, an ci kyauta. Me ya rage da har yanzu ake ɗaukar mutane?

Abin da ya rage ya fi wanda aka yi yawa, kuma kuɗin binciken daga wurare uku yake fitowa.

Na farko ma'ajiyar bayanai. Memorin da kwamfuta ke aiki da shi yana manta komai da zarar an ɗauke wuta, kuma ko yana zaune yana shan lantarki. Memorin maganaɗisu, wanda ake kira MRAM, ba ya mantuwa. Freescale ya fara sayar da shi a 2006, Samsung ya fara ƙera shi da yawa a cikin guntayen lantarki a 2019, TSMC da GlobalFoundries ma suna yi. Rumbunan adana bayanai na duniya sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya a 2024, abin kuma hauhawa yake saboda ƙirƙirarriyar basira. Duk wanda ya iya rage wutar da ake kashewa wajen rubuta bayani, za a neme shi.

Na biyu dawwamammen maganaɗisu. Wanda ya fi kowane ƙarfi a kasuwa shi ne haɗin niyodimiyam da ƙarfe da boron, wanda Masato Sagawa a Japan da John Croat a Amurka suka samar a farkon shekarun 1980. Shi ne a injin motar lantarki, da injin samar da wuta daga iska, da sifikar wayarka. Irinsa ne kuma ke juya wasu fankokin sola da famfunan rijiyar burtsatse masu aiki da hasken rana. Kusan kashi 90 cikin ɗari na tace ma'adanan da ake haɗa shi da su a ƙasar Sin ake yi, kuma a Afrilun 2025 Sin ta taƙaita fitar da wasunsu. Don haka Turai da Japan da Amurka suna zuba kuɗi wajen neman madadi da kuma sake sarrafa tsofaffin maganaɗisai.

Na uku sabuwar kimiyya tsagwaronta. A 2009 aka ga sikamiyon a Munich, wato ɗan ƙulli na sifin mai kama da guguwa. A 2016 masu bincike a Nottingham da Prague suka nuna ana iya rubuta bayani da wuta a kan wani maganaɗisu da sifin ɗinsa ke saɓa wa juna. A 2017 aka sami maganaɗisu mai kaurin falle ɗaya tal na zarra. Daga 2022 kuma ake ta maganar wani sabon jinsin maganaɗisu, altamagnet, wanda Libor Šmejkal da Jairo Sinova da Tomáš Jungwirth suka fayyace. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya haifar da ɗimbin guraben digiri na uku.

Waɗanne irin gurabe ake tallatawa?

Mafi yawa gurbin digiri na uku ne, sai na bayan digiri na uku da ake kira fosdok, wanda kwantiragi ne na shekara ɗaya zuwa uku. Akwai na injiniyan ɗakin gwaji mai kula da na'urori, akwai na dindindin a jami'a ko cibiyar gwamnati, akwai na kamfani.

Abin da nake so ɗalibanmu su riƙe da kyau: a Jamus, Faransa, Holan, Beljiyam, Suwizalan, Suwidin da Nowe, mai karatun digiri na uku a wannan fanni ma'aikaci ne ko kusa da haka. Farfesa ya ci kuɗin wani aiki, yana neman wanda zai yi shi, sai ya tallata gurbi kamar yadda ake tallata kowane aiki. Ba roƙon tallafi kake yi ba, ƙwadagonka ake buƙata. Wannan fahimtar kaɗai tana sauya yadda mutum ke rubuta takardarsa.

Albashin yana riƙe mutum?

Yana riƙewa, ba tare da wadata ba. A Jamus ana biya bisa matakin E13 na ma'aikatan gwamnati, kuma ɗan Fiziks yakan sami kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na cikakken albashin, na shekara uku zuwa huɗu. A Faransa kwantiragin shekara uku ne, mafi ƙarancinsa Yuro 2,200 a wata a 2025 kafin a cire haraji da inshora. A Holan shekara huɗu ce, albashin na ƙaruwa duk shekara. A Birtaniya alawus ne marar haraji, fam 20,780 a shekarar karatu ta 2025/26, sai dai kason baƙi a guraben da gwamnati ke biya bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba, shi ya sa gasar ta fi zafi.

Kada ka canza kuɗin zuwa naira ko sefa a ranka ka fara lissafin gini. Hayar ɗaki ɗaya a Munich ko Paris ko Zurich tana iya lashe kusan rabi. A Halle ko Dresden ko Nancy kuwa mutum yana iya ajiye wani abu ya aika gida.

A ina manyan ƙungiyoyin binciken suke?

A Faransa, Grenoble ce uwa: nan SPINTEC take, nan cibiyar Néel take, ga kuma ESRF, babbar na'urar sinkirotiron ta Turai, wato na'urar da ke samar da haske mai tsananin ƙarfi don leƙa cikin abubuwa. Akwai ɗakin binciken da ke ɗauke da sunan Albert Fert a Palaiseau, da cibiyar Jean Lamour a Nancy. Ɗalibin da ya fito daga Jami'ar Abdou Moumouni ko jami'o'in Kamaru da Chadi yana da fifiko a nan saboda harshe da kuma kamannin tsarin karatu.

A Jamus akwai Jülich, Mainz, Kaiserslautern, Dresden, Munich, da cibiyar Max Planck ta Halle inda Stuart Parkin ya koma bayan ya daɗe a IBM. A Japan Jami'ar Tohoku da ke Sendai ce gaba, sai NIMS da AIST a Tsukuba, da RIKEN. Sannan imec a Leuven, INL a Braga ta Fotugal, nanoGUNE a San Sebastián, QuSpin a Trondheim, Groningen da Eindhoven, PSI da ETH a Suwizalan, Leeds da York da Cambridge, Trinity a Dublin, KAIST a Koriya ta Kudu, Beihang a Beijing, KAUST a Saudiyya. A Amurka akwai Cornell, Minnesota, NIST a Boulder, da ɗakin gwajin Tallahassee mai maganaɗisun tesla 45 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), alhali na'urar MRI ta asibiti tesla 1.5 zuwa 3 take.

Shawarata ita ce kada idonka ya tsaya kan manyan sunaye. Sabon malami da ya kafa ƙungiya shekara biyu da suka wuce yana da kuɗin aiki, yana da lokacinka, kuma masu nemansa ba su kai na dattijon da ya yi suna yawa ba.

Ina ake ganin tallan guraben?

EURAXESS shi ne babban dandalin Tarayyar Turai. Ƙungiyar masana maganaɗisu ta Turai, EMA, tana da shafin gurabe na wannan fanni zalla. Sai jobs.ac.uk da FindAPhD na Birtaniya, shafin ɗaukar ma'aikata na CNRS, wato cibiyar binciken kimiyya ta gwamnatin Faransa, da na ABG a can, rumbun guraben DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, JREC-IN a Japan. Da yawan farfesoshi kuma a LinkedIn suke fara sanarwa. Da Turanci za ka bincika, kuma gara ka sa sunan ƙaramin reshe, kamar MRAM ko skyrmion ko magnonics, da ka sa sunan fannin gaba ɗaya.

Ni ko na'urar auna maganaɗisu ban taɓa gani da idona ba. Ina da wata dama kuwa?

Wannan ce tambayar da ta fi taɓa min rai, domin na san yawan haziƙan da ta hana ko gwadawa. Kana da dama, kuma ga dalili.

Babu ƙungiyar da ke tsammanin sabon ɗalibi ya zo ya iya na'urarta. Ko wanda ya yi karatu a Berlin sai an koya masa. Abin da farfesa ke nema shi ne shaidar cewa ka iya kama matsala ka bi ta har ƙarshe. Wannan shaidar kuwa ana iya gina ta da laftof a ɗaki a Gwale ko Zandar, domin babban ɓangare na wannan fanni a kwamfuta ake yinsa.

Akwai manhajar OOMMF da hukumar NIST ta Amurka ta fitar, kyauta ce, kuma tana tafiya a kan laftof na yau da kullum. Akwai MuMax3 daga Jami'ar Ghent, ita ma kyauta. Tana buƙatar katin zane na NVIDIA, amma ana iya tafiyar da ita a Google Colab. Akwai Vampire daga York, mai bin sifin zarra bayan zarra. Akwai Quantum ESPRESSO ga mai son lissafa siffar abu daga tushen ka'idar kwantum. Ukun farko duk suna warware lissafi ɗaya ne, wanda Landau da Lifshitz suka rubuta a 1935, Gilbert ya gyara a 1955, mai bayyana yadda maganaɗisu ke kewaya har ya natsu.

Ga abin da zan ce ka yi. Akwai sanannun matsalolin gwaji da masana suka amince a auna manhajoji da su. Ta huɗu ɗan falle ne na famaloi, wato haɗin nikel kashi 80 da ƙarfe kashi 20, mai tsawon nanomita 500, faɗin 125, kaurin 3, a ga yadda yake kifewa idan an matsa masa da maganaɗisu. Ka yi ta har sakamakonka ya dace da na sauran. Daga nan ka ɗauko muƙala ɗaya daga ƙungiyar da kake sha'awa, ka sake samar da zane ɗaya daga cikinta. Sai ka canza wani abu, kauri ko faɗi ko ƙarfin wuta, ka ga me zai faru, ka rubuta shafi uku ko huɗu, ka ɗora lissafin a GitHub. Wata huɗu zuwa shida ya isa ga mai naci, ko da ana fama da ɗauke wuta da tsadar data. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wannan ɗan aikin ya fi takardun halartar bita guda goma nauyi a idon mai ɗauka.

Ka haɗa da Python. Ko a ɗakin gwaji za ka ƙare, da shi ake sarrafa na'urori da tace sakamako.

Wanda ya shiga ɓangaren gwaji, yaya ranarsa take?

Da farko a shuka samfur. Ana sa ɗan faranti na silikon a cikin tukunyar da aka zuƙe iskar cikinta, a feso masa ƙarfe falle bisa falle. Sai a shiga ɗakin da ba a yarda ƙura ta shiga ba, mutum ya rufe jikinsa ruf daga kai har ƙafa, a zana ƙananan na'urori da haske ko da ilektiron. Sai awo: da SQUID, wata na'ura mai gano ko ɗan ƙanƙanin maganaɗisu, da hasken leza, da igiyar maikurowef, wani lokaci a sanyin ruwan hiliyam, wato digiri 269 ƙasa da daskarewar ruwa. Wasu gwaje-gwajen sai an je sinkirotiron, inda ake ba ƙungiya kwana huɗu ko biyar bayan ta yi watanni tana jira, a yi aiki dare da rana bisa karɓa-karɓa.

Yawancin samfura ba sa yin abin da ake so. Mutum yakan yi mako uku a kan abu, waya ɗaya ta tsinke, ya koma farko. Mai haƙuri da hannu mai natsuwa shi ke jin daɗin wannan aiki.

Ni Injiniyan lantarki na karanta, ko Kemistiri. An rufe mini ƙofa?

Ko kaɗan. Masu zana da'irar MRAM da na'urorin awo injiniyoyi suke nema. Masu dawwamammen maganaɗisu da ƙananan ƙwayoyin maganaɗisu na aikin likita suna son ɗan Kemistiri ko ɗan kimiyyar ƙarafa. Abin da ba makawa shi ne ka zauna ka karanci fiziks na daskararrun abubuwa da tushen kwantum da kanka.

Sakamakon digirina na farko bai yi kyau sosai ba.

Turai digiri na biyu take dubawa da kundinsa. Idan na farko ya yi rauni, na biyu mai ƙarfi yana rufe shi. Akwai kuma gadoji. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da difloma ta shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, da cikakken tallafi, kuma da yawan waɗanda suka gama suna wucewa digiri na uku kai tsaye. Akwai EAIFR a Kigali, AUST a Abuja, cibiyoyin AIMS, da digiri na biyu na Erasmus Mundus. Makarantar ASESMA, wadda tun 2010 take zagaya ƙasashen Afirka kusan duk shekara biyu, tana koyar da lissafin siffar abubuwa a kwamfuta, kuma malamanta su ne irin mutanen da wasiƙar shaidarsu ke buɗe ƙofa.

Yaya zan rubuta wa farfesa har ya amsa?

Gajeriyar wasiƙa, wadda ba za a iya aika wa kowa ba sai shi. Ka kira shi da sunansa da muƙaminsa. Jimla ɗaya kan ko kai wane ne. Sai ka ambaci wani aikinsa da ka karanta da gaske, ka faɗi abin da ka gwada a kai, ka sa mahaɗin inda zai gani. Ka tambaya ko yana da gurbi ko zai mara maka baya wajen neman tallafi. Ka maƙala CV mai shafi biyu da sakamakon jarrabawa.

Mu mun taso da doguwar gaisuwa da kambama babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma mutumin da ke samun wasiƙu hamsin a rana, idan ya karanta layi biyar bai ga maganar kimiyya ba, zai wuce. Girmama shi a nan shi ne ka nuna ka karanta aikinsa. Haka kuma kada ka cika wasiƙar da labarin halin da ake ciki a gida, ko da gaskiya ne. In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya, sannan ka nufi wani.

Hattara da mujallun da ke buga komai in an biya su. Muƙala biyar a irin waɗannan tana rage wa CV daraja. Kuma kada ka rubuta ka iya na'urar da sau ɗaya aka nuna maka ita.

Me ake tambaya a ganawa?

Yawanci ta bidiyo ake yi. Za a ce ka gabatar da aikin digirinka na biyu cikin minti goma zuwa goma sha biyar, sai tambayoyin tushe: me ya sa ƙarfe ke rasa maganaɗisunsa idan ya wuce digiri 770, me madaukin histerisis, wato zanen yadda abu ke ɗauka da sakin maganaɗisu, ke nunawa, me ya sa maganaɗisu ke rabuwa yanki-yanki. In ba ka san amsa ba ka ce ba ka sani ba, sannan ka yi tunani a fili su ji yadda kake bin matsala. Ka tanadi layin intanet biyu da cikakken caji. Kai ma ka yi tambaya: shekara nawa kuɗin aikin zai kai, ina ɗaliban da suka gama suka tafi, kuma ko za a haɗa ka da ɗaya daga cikin ɗaliban yanzu ku zanta. Wannan ta ƙarshen ita ke gaya maka halin mai gidan da za ka zauna ƙarƙashinsa shekara huɗu.

Sai na iya Jamusanci ko Japananci?

A ɗakin gwaji Turanci ake yi. A kasuwa da asibiti da ofishin baƙi kuwa harshen ƙasar ne, don haka ka fara koyo da zarar ka sami gurbi.

Waɗanne tallafi ne zan iya nema da kaina?

Ga digiri na uku akwai guraben Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai, masu albashi mai kyau da alawus na iyali. Sharaɗinsu kada ka zauna a ƙasar fiye da wata 12 a cikin wata 36 da suka wuce, abin da bai shafi mai zuwa daga gida ba. Akwai DAAD, Commonwealth, MEXT na Japan, TWAS, da PTDF ga 'yan Najeriya. Ga fosdok akwai Marie Curie ɗin dai ga wanda bai wuce shekara takwas da gama digiri na uku ba, da Gidauniyar Humboldt ta Jamus, musamman reshensa na Georg Forster ga ƙasashe masu tasowa, da JSPS na shekara ɗaya zuwa biyu a Japan.

Ni mace ce, kuma ina da yara. Zai yiwu?

Zai yiwu, kuma ana yi. OWSD da shirin Faculty for the Future na Gidauniyar Schlumberger na matan ƙasashe masu tasowa ne zalla. A ƙasashen da mai karatun digiri na uku ma'aikaciya ce, kina da hutun haihuwa kamar kowa, kuma sau da yawa ana ƙara miki wa'adin kwantiragi. Bizar masu bincike a Jamus da Faransa tana ba da damar kawo miji da yara. Hijabi ba ya hana shiga ɗakin da ba ƙura, tunda kowa ma a rufe yake shiga, sai dai a guji allurar ƙarfe kusa da babban maganaɗisu. A Faransa ki tambaya tun wuri, domin dokar ma'aikatan gwamnati kan alamun addini tana iya shafar mai kwantiragi.

Batun biza fa?

Ka ware masa lokaci mai yawa, domin ana ɗaukar wannan fanni cikin masu alaƙa da tsaro. Birtaniya tana neman takardar ATAS kafin biza. Kyauta ce, amma tana ɗaukar makonni. A Faransa ɗakunan gwaji da yawa sai an tantance mutum kafin ya shiga, abin da kan ci wata biyu zuwa uku. Amurka kuwa tun 2025 ta tsaurara shiga ga 'yan ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya, Nijar, Chadi da Sudan, don haka a yanzu ban ga hikimar mutum ya ɗora duk burinsa a can ba.

Wani ya ce in biya shi ya samo mini gurbi.

Kada ka ba shi ko kwabo. Babu gurbin bincike na gaskiya da ake saya, kuma farfesa ba ya neman kuɗi daga ɗalibi. Ka duba cewa adireshin imel ɗin na jami'ar ne, kuma tallan yana kan shafinta.

Bayan digiri na uku, akwai aikin dindindin?

A nan dole in faɗi gaskiya mai ɗaci. Kujerun dindindin a jami'a kaɗan ne ƙwarai idan an kwatanta da masu nema. Mutum yakan yi fosdok biyu ko uku, yana kwashe iyali daga wannan ƙasa zuwa waccan, ya kai shekara arba'in bai san inda zai kasance baɗi ba. A Jamus doka ta kayyade kwantiragin wucin gadi zuwa kusan shekara shida bayan digiri na uku. A Faransa CNRS tana ɗauka ta hanyar gasar shekara-shekara wadda ɗan kowace ƙasa ke iya shiga, sai dai kujerun 'yan ƙalilan ne.

Mafi yawa kamfani suke tafiya, kuma ni ban ɗauki hakan faɗuwa ba. Seagate da Western Digital suna ɗauka don faifan ajiya, Infineon da Bosch da TDK da Allegro don na'urorin awon da ke cikin mota, Everspin da Samsung don memori, Vacuumschmelze don maganaɗisu. Wanda ya iya shuka siraran shimfiɗu da aikin ɗakin da ba ƙura kuma, duk masana'antar guntayen lantarki tana maraba da shi.

In na dawo gida, zan iya ci gaba da wannan binciken?

Na ɓangaren kwamfuta zai iya, kusan ba tare da ya rasa komai ba, in ya riƙe zumunci da ƙungiyar da ya baro ya sami damar shiga manyan kwamfutocinsu. Na ɓangaren gwaji zai sha wuya, domin tukunyar feshi da ruwan hiliyam suna son wutar da ba ta ƙiftawa. Amma akwai abin yi. Ana haɗa ƙwayoyin ferait, wani maganaɗisu da ake yi da sinadarin ƙarfe, da kayan Kemistiri masu sauƙi a auna su a wani wuri. Ana gina na'urar awo da leza da kuɗi kaɗan. Ƙasar da masu haƙar kuza suka bari a Filato tana ɗauke da monazait mai irin ma'adanan da duniya ke rububi, ga taman ƙarfe a Itakpe. Har yau Afirka ba ta da sinkirotiron ko ɗaya, amma ana nema wa gwaji lokaci a ESRF ko a SESAME ta Jodan da aka buɗe a 2017, kuma ingancin shawarar aiki ake dubawa. ICTP tana da tsarin da malamin jami'armu zai riƙa zuwa Trieste lokaci-lokaci ya koma, Humboldt ma tana taimaka wa tsofaffin 'ya'yanta da kayan aiki idan sun koma gida.

Yaushe ya kamata in fara nema?

Shekara guda kafin lokacin da kake son tafiya. Guraben da farfesoshi ke tallatawa suna fitowa kowane wata, amma tallafi yana da lokacinsa. DAAD da Commonwealth sukan rufe wajen Oktoba zuwa ƙarshen shekara, jami'o'in Amurka da Erasmus Mundus tsakanin Disamba da Janairu, difloma ta ICTP a farkon shekara, MEXT ta ofishin jakadanci wajen Afrilu da Mayu, gasar makarantun digiri na uku ta Faransa daga Afrilu zuwa Yuni, fosdok na Marie Curie a Satumba. Tun yanzu ka nemi takardar sakamakonka daga jami'a, domin ita ce ta fi jinkiri, ka sabunta fasfo in saura masa ƙasa da shekara biyu, ka kuma sanar da malaman da za su rubuta maka shaida aƙalla wata guda kafin ranar rufewa.